Yaya Injiniya da Masauki Mai Arha

Yayana ba injiniya ba ne. Gara in faɗa muku tun da wuri, don shi ba zai faɗa ba. Shago gare shi a bakin layinmu, tsakanin mai aski da mai sayar da katin waya, inda yake gyaran fanka da rediyo da dutsen guga. Wata rana ya gyara wa wani bawan Allah firji, firjin ya yi kwana biyu cur yana aiki kafin ya kama da wuta. Tun daga ranar ya ce a riƙa kiransa Injiniya. In ka kira shi da wani suna, ko waiwaye ba ya yi.

Maganar ta faro ne a shagon mai aski. Ban je wurin ba, amma ni nake yi wa matar mai askin allura, don haka babu abin da ya wuce ni.

'Yan biyun Yaya, mata ne 'yan shekara goma, sun ci jarrabawa. Dama ya yi musu alkawari, in sun ci zai kai su babban filin wasan nan da ake nunawa a talabijin, mai lilo kamar tayar mota wanda ya fi bene goma tsawo, da jirgin da ke hawa sama ya kifo da mutane suna ihu. Tafiyar awa shida ce daga garinmu, dole a kwana. Shi kuma Mai Kemis, maƙwabcinmu mai sanƙo, wanda suka shekara ashirin suna gasa da Yaya a kan komai, tun daga girman janareta har zuwa wanda ya fi iya fakin, shi ma a wannan hutun zai kai nasa iyalin.

"Na kama ɗaki biyu a otal ɗin bakin ƙofa," in ji Mai Kemis, yana shafa sanƙonsa a madubi. "Ka fito da silifa, taku ashirin ka shiga filin. Ga karin kumallo, ga sanyi a ɗaki, ga wurin ninkaya."

"Nawa?" in ji Yaya.

Mai Kemis ya faɗi kuɗin. Mai aski ya rantse sai da almakashi ya suɓuce masa.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Kwana za ka yi, ko sayen otal ɗin za ka yi? Malam, barci fa barci ne. In ka rufe ido, ina ka san ko a otal kake ko a bayan shagona? Ni mutum shida zan kai, kwana uku, da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka zubar. Kuma kullum sai na riga ka shiga."

"Allah ya sa."

"Ya riga ya sa. Ya ba ni ƙwaƙwalwa."

Nan take suka ƙulla: a kwana ukun nan, wanda aka fi riga shiga shi zai biya wa ɗan'uwansa kuɗin aski na shekara guda. Mai aski ya zama shaida, da murnarsa, don ko wa ya faɗi shi ya ci.

Da yamma Yaya ya tara mu a falo: ni, da matarsa da nake kira Anti, da Inna mahaifiyarmu, da 'yan biyu. Ya ɗaga waya sama kamar mai nuna kofin da ya ciyo.

"Ku saurara. 'Minti biyar zuwa filin wasa. Ana hango babban lilo daga taga. Iska ta ko'ina. Unguwa mai rai.' Kun ji?"

"Baban 'yan biyu, ina hoton ɗakin?" in ji Anti.

"Ga shi."

"Wannan ai hoton labule ne."

"To ɗakin da ke da labule irin wannan, kya tsaya tambayar sauran?"

"Ni dai gwiwata," in ji Inna. "Akwai hawa?"

"Inna, ba su rubuta akwai hawa ba."

Na ce, "Yaya, ba su kuma rubuta babu ba."

"Ke Nas, allura kika sani, ba tafiya ba. An ɗauko ki ne ki riƙa shafa wa Inna magani, ba a ɗauko ki shawara ba."

Sai ya ƙara mana da albishir biyu. Ya riga ya biya kuɗin kwana ukun gaba ɗaya, irin biyan da ba a mayarwa, don an yi masa ragi. Sannan ya sayo mana tikitin 'yan sammako, mai rabin kuɗi, wanda sharaɗinsa ɗaya ne tak: ka shiga kafin ƙarfe tara na safe.

"Mutumin da ke minti biyar da ƙofa," in ji shi, "ƙarfe tara wasa ce."

Ranar tafiya muka isa da la'asar. Tun daga nesa 'yan biyu suka hango lilon, suka fasa ihu har Inna ta farka tana tambayar wa aka kaɗe. Muka bi ta gaban ƙofar filin, muka bi ta gaban otal ɗin. Ga Mai Kemis a baranda, da gajeren wando da kofin lemo, yana ɗaga mana hannu. Yaya ya danna masa hon sau uku.

"Ku kalle shi. Kuɗin motarsa yake sha a kofi."

Muka wuce. Wayar ta ce mu miƙe, muka miƙe. Minti biyar ya cika. Minti goma sha biyar ya cika. Lilon ya fara ƙanƙancewa a bayanmu har ya ɓace. Muka haye wata doguwar gada, muka ratsa kasuwa, muka bi bayan masu sayar da tsofaffin tayoyi. Bayan minti hamsin sai ga lilon ya sake ɓullowa, ƙato, kusa da mu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Abin da ke tsakaninmu da shi kaɗan ne: kogi, da babbar hanya mai layi shida, da katanga mai waya a kai.

Masaukin bene ne mai hawa huɗu. A ƙasa masu walda ne, suna ta feshin wuta da bugun ƙarfe. Wata dattijuwa ta fito da tarin makullai a ƙugu, ita ce mai gidan.

"Baba, a talla kun ce minti biyar," in ji Anti.

"Minti biyar ne, 'yata. Tantabarun mijina kullum can suke zuwa cin guntun burodi su dawo. Na sha duba agogo."

"Mu ba tantabaru ba ne."

"Ai ban tambaye ku ba lokacin da kuka biya."

Ɗakinmu yana hawa na huɗu. Inna ta tsaya a gindin matakala, ta ɗaga kai ta kalli sama, ta sauke ta kalli ɗanta.

"Wata tara na ɗauke ka. Bismilla, durƙusa."

Yaya ya goya ta. A hawa na ɗaya ya fara nishi, a tsakiyar na biyu ya zauna da ita a kan matakala, ya ce yana duba ingancin ginin ne. Masu walda biyu suka tausaya, suka kawo kujerar roba suka ɗora Inna suka yi sama da ita. Tana kan kujerar tana ba su labarin yadda Injiniya ya kai shekara bakwai yana tsoron akuya.

Labulen yana nan, daidai yadda yake a hoto. Babbar 'yan biyu ta ruga ta yaye shi don ta ga lilo. Bango ne a bayansa.

"Tagar fa?" in ji Yaya.

Mai gidan ta buɗe banɗaki, ta kifa bokiti. "Hau nan, ka karkata kanka hagu."

Ya hau, ya karkata, ya sauko da fara'a. "Ana gani! Wallahi ana gani! Ku zo ku hau, ɗaya bayan ɗaya."

Maganar iska kuwa ba su yi ƙarya ba. Ƙofar ɗakin ba ta kai ƙasa ba, kuma rabin gilashin tagar banɗakin babu. Sai dai iskar mai zafi ce, da ƙaurin walda. Fanka ɗaya ce a sama, tana juyawa a hankali tana kuka kamar tana neman a yafe mata. Yaya ya kalle ta, idonsa ya yi haske. Ya zaro sukundireba daga aljihun gaba.

"Kada ka taɓa min fanka," in ji mai gidan. "Shekara goma sha biyu tana haka, ba ta taɓa cutar kowa ba."

"Baba, kin yi sa'a. Yau injiniya ya sauka a gidanki, kuma kyauta zan yi miki."

Ya hau gado, ya kwance murfin fankar, ya haɗa jar waya da wata. Fankar ta yi wani irin juyi da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ɗankwalin Inna ya tashi sama, sannan muka ji tau! Wutar gidan ta ɗauke tun daga hawa na huɗu har ƙasa. Bugun ƙarfe ya tsaya cak. Can sai muka ji takun mutane suna hawowa. Masu waldan nan ne da suka ɗauko Inna, amma wannan karon ba da kujera suka zo ba.

Kuɗin mai gyaran wuta, da kuɗin aikin da masu walda suka rasa, da kuɗin sabuwar fanka, duk Yaya ya biya. Yana miƙawa yana cewa, "Wayoyin gidan nan duk na jabu ne. Da ban gano ba, da wata rana gobara ta cinye ku."

Washegari ƙarfe bakwai mun shirya. Muka sauko da Inna, muka tarar da babbar mota ta toshe tamu, ana sauke rodi. Direban ya tafi shan shayi, babu wanda ya san inda. Da ya dawo, bakwai da rabi ta wuce. Da muka kai gada, ashe ranar cin kasuwa ce, masu kaya sun cinye rabin hanya. Yaya ya leƙa ta taga yana koya wa kowane direba tuƙi, har wani ya fito daga motarsa ya ce ya sauko ya nuna masa da hannu. Yaya ya ɗaga gilashi.

Tara da minti ashirin muka tsaya gaban mai karɓar tikiti. Ta duba ta turo mana abinmu.

"Na 'yan sammako ne. Na yau ya mutu tun tara. Sai dai ku sayi cikakke."

Ina kallo Yaya ya juya baya ya murɗa agogonsa. Ya juyo ya miƙa mata hannu. "Tara saura biyar."

Ta nuna sama da biro. Agogon da ke saman ƙofar ya fi motarmu girma.

"Naku yana gudu. Ni injiniya ne, in kuna so in duba muku shi."

"Na gaba," in ji ta.

"Injiniya!" Muryar ta fito ne daga cikin shinge. Mai Kemis ne, da askirim a kowane hannu. "Yanzu kuka iso? Mu har mun hau jirgin sau biyu. Ka ga wannan na hagun? Na huce tsoro ne."

Anti ta ce a sayi cikakken tikitin kawai. Yaya ya ce ko sama za ta faɗo ba zai biya abu ɗaya sau biyu ba, kuma dama ranar farko ta nazari ce, mai hankali ba ya afkawa wuri bai karance shi ba. Haka muka yini a wajen shinge, a gindin wata bishiya, muna cin biskit muna nazari. 'Yan biyu suka manna fuskokinsu a ƙarfen shingen. Ba su yi kuka da ƙarfi ba, da ma sun yi ya fi sauƙi. Ƙaramar ce kawai ta juyo ta ce, "Baba, ko don lissafi na ci saba'in ne ba tamanin ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai. A sanina wannan ne karo na farko.

A mota Anti ta yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro. "Baban 'yan biyu, gobe yaran nan za su shiga. Ko da kai, ko ba kai."

Da muka koma masauki muka tarar da wani dogon mutum zaune a matakalar hawa na uku, ya riƙe kumatu yana nishi. Dogo ake ce masa, haya yake a gidan. Na ce ya buɗe baki, na leƙa, na ce haƙorin nan sai an cire shi, kuma gobe da safe, ba jibi ba.

"Ba hali, Nas. In ban je aiki gobe ba sun kore ni. A filin wasan can nake aiki."

Yaya, da ya riga ya wuce, ya dawo da baya. "A filin? Kai ta ina kake bi?"

"Motar ma'aikata. Shida da rabi take tsayawa a kan kwana, ta bi ta hanyar baya. Minti goma sha biyar."

Yaya ya dafa kafaɗarsa kamar sun shekara da sanin juna, ya ja shi gefe. Sun daɗe suna ƙus-ƙus. Na ji Dogo yana cewa, "Amma fa ba ka da tsawo," na ji Yaya yana cewa, "Aikin da kai ka iya ne zai gagare ni?" Da ya shigo ɗaki, ƙirjinsa ya riga shi shigowa.

"An gama. Gobe motar ma'aikata za ta ɗauke mu a matsayin dangin Dogo. Ni kuma zan riƙe masa aikinsa na rabin yini."

"Wane aiki?" in ji Anti.

"Ɓangaren manya ne. Ba a bayani."

Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Kafin bakwai muna bayan filin. Yaya ya bi ma'aikata ta ƙaramar ƙofa, mu kuma muka zagaya gaba, ana buɗewa ƙarfe takwas muka shiga da tikitinmu na 'yan sammako. Na karɓo wa Inna keken marasa lafiya na haya. 'Yan biyu suka hau lilo, suka hau jirgi, suka sauko suka ce a sake. Inna ta ci askirim biyu, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sanin gwiwa na iya hutawa haka ba. Muka ci karo da Mai Kemis da iyalinsa wajen takwas da rabi.

"Ina Injiniyan?"

"Tun bakwai yana ciki," in ji Anti. "Wai yana ɓangaren manya."

Mai Kemis ya ɓata fuska. Ta yau ta kuɓuce masa.

Ƙarfe sha ɗaya aka sanar za a yi fareti. Jama'a suka jeru gefen hanya, mu ma muka sami wuri kusa da wani tafkin ado mai feshin ruwa, Mai Kemis na gefenmu ya ɗaga waya yana ɗauka. 'Yan badujala suka wuce. Bayansu ga mutane cikin rigunan dabbobi: ga giwa, ga zomo, ga zaki, kowa yana rawa yana ɗaga wa yara hannu. Can a ƙarshe sai ga wani ƙaton jan zakara.

Daga gani ka san zakaran nan ba lafiya ba. An ɗinka rigar ne don mutum mai tsawon Dogo, ramukan gani suna wuya, wanda ke ciki kuwa kansa bai wuce ƙirji ba. Wuyan ya langaɓe gefe, ƙafafun suna ja a ƙasa, cikin kuma ya cika rigar tam. Duk dabbobi suka yi dama, zakara ya yi hagu. Ya ɗaga fiffike yana gaida wata bishiya. Zomo ya ruga ya juyo da shi, zakaran ya tafi ya yi karo da mai babbar ganga. Mai gangar ya kai masa duka da gula, jama'a suka ɗauka cikin wasan ne suka hau tafi.

Inna ta gyara tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Nas."

"Na'am, Inna."

"Zakaran nan tafiyar gidanmu yake yi."

"Haba Inna."

"Ki dubi yadda yake jefa ƙafar hagu. Ubanku ke nan, Allah ya jiƙansa."

Anti ta dafe ƙirji. "Na shiga uku."

Daga baya muka ji sauran bayanin. Ashe a cikin kan zakaran akwai 'yar ƙaramar fanka mai batir, don kada zafi ya kashe mai sanye da shi. Yaya ya ga ba ta gudu yadda ya kamata, ga kuma sukundireba a aljihu.

Hayaƙi ya fara fita ta bakin zakara. Da farko siriri, sannan baƙi. Yara suka yi tsalle suna ihu, "Zakara mai wuta! Zakara mai wuta!" Daga cikin ƙirjin zakaran wata murya da duk layinmu ya sani ta fasa ƙara: "Wuta! Jama'a wuta! Ku cire ni!" Ya zuba da gudu bai ganin gabansa. Ya bi ta kan mai sayar da balan-balan, balan-balan suka yi sama gaba ɗaya. Ya ture zaki, zaki ya faɗa kan giwa, giwa ta rabe biyu, ashe mutum biyu ne a ciki. Ya taka ƙafarsa ta dama da ta hagu, ya yi taga-taga a bakin tafkin yana kaɗa fukafukai, sannan ya tafi gaba ɗaya. Tsundum!

Ruwan bai kai gwiwa ba, amma rigar ta sha ta ƙoshi. Masu gadi uku suka shiga suka zaunar da shi, suka kama zanko suka ja. Kan ya fita. Ga Yaya Injiniya zaune a tsakiyar tafki, ruwa yana fesowa a ƙeyarsa, gira ɗaya ta ƙone, daga wuya zuwa ƙasa kuma kaza.

Sai muryar Mai Kemis, waya a sama.

"Injiniya! Ɓangaren manyan ke nan?"

Yaya ya tofar da ruwa. "Tun bakwai nake ciki. Ka rubuta."

"Baba!" 'Yan biyu suka kutsa cikin jama'a. Suka tsaya a bakin tafkin suna kallonsa, sai Ƙaramar ta fashe da dariya, Babbar ta bi ta, har suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Babbar ta miƙe tana jan rigar duk wanda ke kusa: "Babanmu ne! Wallahi babanmu ne!" Jama'a suka ɗauki tafi kamar za a tsaga wurin. Yaya ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ɗaga jiƙaƙƙen fiffike ya amsa gaisuwa.

Manaja bai yi tafi ba. A ofishinsa ya ce zai kira 'yan sanda, kuma Dogo ya kori kansa. Inna ta ce in tura kekenta har gaban teburinsa.

"Yaro, dube ni nan. Wancan bawan Allah haƙori ne ya kwantar da shi, yana da iyali. Wawan nawa ne, ni na haife shi, ga shi nan yana ɗiga a kan kafet ɗinka. In hukunci za ka yi, yi a kansa. Kuma ka faɗa min gaskiya, tun da kuke faretin nan an taɓa yi muku tafi irin na yau?"

Manaja ya sosa kai. Aka tsaya a kan Dogo zai ci gaba da aikinsa, Yaya kuma zai biya kuɗin rigar zakara, da balan-balan, da ɗinkin giwa. Zif ɗin rigar ya cije, sai da aka yanka ta da almakashi, ƙafafun kuwa suka ƙi fita sam.

Da ya zaro katin banki zai biya, Anti ta bari ya gama, sannan ta zare katin daga hannunsa ta jefa a jaka. Ta kama hannun 'yan biyu ta nufi otal ɗin bakin ƙofa, ina tura Inna a baya, Yaya yana bin mu faca-faca da ƙafafun kaza masu yatsu uku.

Ɗaki ɗaya ya rage, kuma da yake ƙarshen mako ya shigo, kuɗinsa ya fi wanda Mai Kemis ya biya. Yaya ya jingina da kanta.

"'Yan mata, ba ragi? Ni fa ma'aikacin filin nan ne."

Mai karɓar baƙi ta leƙo ta kalli ƙafafunsa. "Babu, ranka ya daɗe. Kuma ɗakin manya uku yake ɗauka da yara biyu."

Yaya ya ƙirga mu da yatsa. Inna, Anti, ni. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, lissafin bai canza ba.

"Dama ni na fi son can," in ji shi. "Na riga na biya, kuma akwai iska."

"Tafi abinka, ɗana," in ji Inna. "Ka taho mana da kayanmu da safe. Ai minti biyar ne."

Rana ta uku muka fito da silifa, taku ashirin muka shiga. Yaya ya iso da azahar, don motar rodi ta dawo. Biyu da ɗaya, Mai Kemis ya ci. Mutumin da kansa babu gashin da ya kai ashirin, yanzu sau uku yake zuwa aski a mako, kuma kowane zuwa sai ya leƙa shagon Yaya ya ce, "Na shiga, Injiniya."

Hoton da Mai Kemis ya ɗauka kuwa ya riga mu isa gida. Muna shigowa layi da mota, masu shaguna suka fito, wani ya yi cara daga bayan kanti, wani ya amsa daga can ƙarshe. Kwana biyu Yaya bai buɗe shago ba. Ko'ina ya bi, "Zakara, ina kwana?" "Zakara, ya gajiya?" Anti ta ce min ta fara tausaya masa, wai ko abinci ba ya gamawa.

Rana ta uku na fito zan tafi asibiti, na ga tsani jingine a gaban shagonsa, mai fenti yana saukowa. An goge tsohon allon, an rubuta sabo da jan fenti, manyan baƙaƙe: ZAKARA INJINIYA, GYARA BA WASA BA. A ƙasa wata mata ce, baƙuwa a unguwar, ta rungumo fanka tana karanta allon.

"Malam, zakara kuma? Gasa ka ci?"

Yaya ya karɓi fankar, ya shafa inda girarsa ta ƙone, ya yi murmushin mutumin da ba ya son yabon kansa.

"Hajiya, ba ni na ba kaina ba. A gaban mutum dubu aka naɗa min shi. Har manaja sai da ya kira ni ofis."